Turaren wuta da kyandir: mu yi hattara da hayaƙi

Ɗaki mai ƙamshi abin so ne. Daga Maradi har Damagaram, ba a kai amarya ba tare da kaskon turare ba. Muna zuba kajiji, ko hano, ko icen sandal bisa garwashi. Idan wutar lantarki ta ɗauke, sai mu kunna kyandir. Amma duk abin da ke ci da wuta yana fidda hayaƙi, kuma hayaƙin nan cikin ƙirjinmu yake sauka.

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta hallaka mutum miliyan 3 da dubu 200. Mafi yawan wannan ɓarna daga hayaƙin girki take. To, hayaƙin turare ƙari ne bisa wancan. Waɗanda ya fi cuta su ne jarirai, da tsofaffi, da masu juna biyu, da masu ciwon fuka.

Babban haɗari yana cikin garwashi. Gawayi yana fidda wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. A lokacin ɗari, cikin Disamba da Janairu, mukan rufe ƙofa da taga mu bar kasko cikin ɗaki. Iskar nan takan fara da ciwon kai, da jiri, da amai. Mai barci kuwa yana iya zarcewa bai farka ba. Idan mun ga waɗannan alamu, mu fidda mutum waje nan take, mu kai shi gidan likita.

Saboda haka, mu turara ɗaki tun da sauran rana, taga a buɗe, yara suna waje. Da ƙamshi ya kama, mu fitar da kaskon. Kada mu turara kayan jariri yana cikinsu. A kasuwa mu zaɓi turaren da muka san abin da aka haɗa shi da shi. Wanda ke sa hawaye ko tari, mu bar wa mai shi abinsa.

Kyandir ɗin kasuwa yawanci daga man fetur ake samun kakinsa. Wajen saye, mu duba lagwani. Na zaren auduga shi ne mai kyau. Idan akwai waya a tsakiyarsa, mu ƙyale shi, don wata wayar ta darma ce, darma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. Amurka ta hana irin wannan lagwani tun 2003. Kafin mu kunna, mu datse lagwanin ya rage kamar rabin santimita, don dogon lagwani shi ke kawo baƙin hayaƙi.

Mu kafa kyandir bisa farantin ƙarfe, nesa da sange, da labule, da danni. Kada mu fesa turaren gwangwani kusa da shi, domin iskar gwangwanin tana kama wuta. Kafin mu kwanta, mu kashe. Wanda ke da hali ya sayi fitila mai aiki da hasken rana: ba hayaƙi, ba gobara.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kiyashe mu, amin.