Ciwon Sukari Ga Tsofaffi: Aikin Dukan Gida Ne

A da ana cewa ciwon sukari ciwon masu kuɗi ne da mutanen birni. Yau maganar ta sake. Ana samun shi Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ana kuma samun shi cikin ƙauyuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun tashi daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Ya fi kama mutum idan shekaru sun ja, shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan iyayenmu da kakanninmu.

Mene ne ciwon?

Duk abincin da muke ci na hatsi, dawa, shinkafa ko rogo yana rikiɗa ya zama sukari cikin jini. Akwai wani sinadari cikin jiki, sunansa insulin, wanda ke shigar da sukarin cikin tsoka don ya zama ƙarfi. Idan insulin ya kasa, ko jiki ya daina jin shi, sai sukari ya taru cikin jini. Alamominsa su ne yawan fitsari, ƙishirwa, gajiya, ramewa, hazo-hazo a ido, da miki mai ƙin warkewa. Wani kuwa yakan yi shekaru da shi ba alama ko ɗaya. Awon jini kaɗai ke tabbatar da shi: idan an auna mutum da safe kafin ya ci komi, aka samu giram 1,26 cikin lita ko fiye, har sau biyu, to ciwon ne. Idan aka yi sakaci, yana makantarwa, yana lalata ƙoda da zuciya, yana sa a yanke ƙafa.

Tsoho ba shi ke girki ba

Likita yakan ce wa dattijo ya kiyaye abinci. Amma dattijon ba shi ke zuwa kasuwa ba, ba shi ke dama hura ba. Abin da aka ajiye gabansa shi zai ci, sau da yawa cikin akushi ɗaya da sauran mutane. Don haka wannan gargaɗi na uwargida ne, da suruka, da ɗan da ke ba da kuɗin cefane.

Ba a ce a hana shi tuwo ba. Tsohon da aka hana abinci yakan rame, ƙarfinsa ya ƙare, wannan ma wata cuta ce. Awo ake so. A raba kwano gida huɗu: gida biyu ganye da kayan lambu, gida ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama, gida ɗaya tuwo. Tuwon kada ya wuce girman dunƙulen hannunsa. A zuba masa nasa daban, don a san abin da ya ci. Ya ci sau uku a rana, a kan lokaci, kada ya wuni da yunwa sannan ya cika ciki da dare.

Hatsi da dawa waɗanda ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar shinkafa, burodi, taliya da garin rogo, domin dusa tana hana sukari hawa da sauri. Wake kuwa babban aboki ne, ga shi Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noma shi a duniya. Idan za a dafa shinkafa da wake, waken ya fi yawa. Miyar kuka, kuɓewa, lalo da yakuwa duk suna da kyau. Haka zogale na Gulbin Maraɗi, da kabeji, salati, tumatir da albasa na noman rani. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli abinci ne nagari, amma abinci ne, ba ya maye gurbin maganin likita.

Abin sha ya fi ɓarna

Abin da ake sha ya fi saurin shiga jini. Hura da kunu da koko, a sha su kaɗan, ba sukari, a ƙara nono cikin hura a rage gari. Wanda ya saba wuni yana kurɓar hura, ya mai da ita ludayi ƙidayayye a lokacin cin abinci. Shayin majalisa, na ɗaya da na biyu da na uku, kowane da sukarinsa yake zuwa. Mai dafawa ya zuba wa tsoho nasa kafin ya sa sukari. Gwangwani ɗaya na lemun kanti yana ɗauke da kimanin ƙwaya bakwai na sukari. Zuma da rake su ma sukari ne. Dabino da mangwaro a ci kaɗan. A rage mai da soye-soye, a rage gishiri da dunƙulen miya, saboda hawan jini yakan bi ciwon sukari. Gishirin wuni duka kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Ƙafa ma magani ce

Tsokar da ke aiki tana shanye sukarin jini. Matsalar ita ce, a wajenmu girmama tsoho shi ne a hana shi motsi: daga tabarma sai kujera. Wannan ƙauna ce, amma tana cutarwa. Ana so mutum ya yi minti 150 na motsa jiki cikin mako, wato minti 30 sau biyar. Ba dole a yi shi gaba ɗaya ba. Tafiyar minti 10 bayan kowane cin abinci tana da amfani sosai. Zuwa masallaci da ƙafa, kewaya gona, ban ruwan lambu, shara, gaishe da maƙwabta, duk suna cikin lissafi. Tsohuwar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida. Tashi daga kujera a zauna sau goma yana ƙarfafa cinya, yana rage faɗuwa. Lokacin bazara a yi tafiya da sassafe ko da marece, a sha ruwa. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi ya tsaya, a kai shi likita.

Kada ya yi tafiya ba takalmi. Ciwon yana kashe jin ƙafa, ƙaya ta soki mutum bai sani ba. Kowane dare wani daga cikin ƴaƴa ko jikoki ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu. Miki komi ƙanƙantarsa, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Sukari yana kuma faɗuwa

Tsohon da ke yin allurar insulin, ko yake shan ƙwaya irin glibenclamide, sukarinsa yana iya sauka ƙasa da giram 0,70 idan bai ci abinci ba ko ya yi aiki mai yawa. Sai a ga rawar jiki, zufa, ruɗewa ko magana ba kan gado. A nan sukari shi ne magani: a jiƙa ƙwaya uku a ba shi, bayan minti 15 idan bai warware ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komi a baki, a garzaya da shi likita. Kafin watan azumi kuma, a je a nemi shawarar likita, domin akwai tsofaffin da azumi ke jefa su cikin haɗari.

Ciwon sukari ba ya warkewa da jiƙo, kuma ba a barin magani don an ji sauƙi. Amma dattijon da gidansa suka tsaya masa yana iya shekaru da idonsa da ƙafarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa mai girkin gidansu. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, amin.