Farfelar Da Ta Dace Da Jirgin Fito

Da zarar damina ta kankama, Gulbin Rima ya cika ya batse, ƙauyuka da dama na ƙasar Wurno da Goronyo ba su da hanyar kai amfanin gona kasuwa sai jirgin fito. Haka abin yake a Rabah, inda Gulbin Sakkwato ya bi. Madatsar ruwa ta Goronyo kuma, wadda aka kammala a 1984, ta tara ruwa mai faɗin da tuƙi da hannu ke gajiyar da masunci. Shi ya sa jirage da yawa suka koma ga injin da ake ɗaurawa a baya. Sai dai mai sayen inji yakan tambayi ƙarfin dokinsa ne kawai, ya manta da farfela, alhali ita ce ke mai da wannan ƙarfi ya zama tafiya.

Aikin farfela ɗaya ne da na wutsiyar kifi, wato ta tura ruwa baya, ruwa ya tura jirgi gaba. Ko a cikin kifaye ma wutsiya ta bambanta. Ta tarwaɗa faffaɗa ce, ta dace da yunƙuri cikin taɓo. Ta tsage kuwa mai baki biyu ce, ta dace da dogon gudu.

A jikin farfela akan ga lambobi biyu, misali 11 x 13. Na farko faɗinta ne da inci. Na biyu shi ne takunta, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin katako take shiga, kamar ƙusa mai murɗi. Da yake ruwa na gocewa, ba ta cika inci 13 ɗin nan.

To, a kan takun nan maganar take. Direban babbar mota yakan sauya giya idan ya zo hawa da lodi. Injin jirgi kuwa gaba da baya kawai ya sani, saboda haka farfela ce giyarsa. Mai dogon taku kamar giyar gudu ce. Idan aka ɗora wa jirgi buhunan albasa da shinkafa da fasinjoji, injin zai yi ta nishi ya kasa kai juyin da aka ƙera shi dominsa, ya sha mai, ya lalace kafin lokacinsa. In kuma takun ya gajarta ainun, sai injin ya zarce ƙa'ida yana kururuwa, jirgi na rarrafe.

Kowane kamfani na rubuta wannan ƙa'ida. Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, alal misali, ana son ya juya sau 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe masa wuta duka. Rage taku da inci 1 yakan ƙara juyi kimanin 150 zuwa 200. Ga lissafi ga ɗalibai: in jirgi ɗauke da kaya ya tsaya a 4,200, farfela mai taku 11 a madadin 13 za ta kai shi wajen 4,500 zuwa 4,600. Dole ne a yi gwajin da lodin ranar kasuwa, domin jirgin da ba kowa a ciki yaudarar makaniki yake yi.

Amma a lura, farfela na taimakon inji ne, ba ta ƙara wa jirgi abin da zai iya ɗauka. A watan Agusta na 2025 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyar zuwa kasuwar Goronyo. Babu takun da ke tsare jirgin da bakinsa ya kusa shafar ruwa.

Saura batun ƙarfen da aka yi ta da shi. Farfelar ƙarfe mara tsatsa ta fi ƙarko, amma gulaben nan na janyewa da rani, rairayi da kututture su matso kusa. In ta bugi kututture ba ta cika lanƙwasa ba, sai bugun ya wuce ga haƙoran giya, waɗanda gyaransu ya fi tsada. Ta alminiyam ita ke ɗaukar raunin, a cire ta a sa wata a bakin gulbi da sifana. Fiffiken da ya lanƙwashe ko ya ɓantare kuwa yakan sa inji karkarwa, karkarwar ta cinye robar da ke hana ruwa shiga man giya. Tsohuwar igiyar koma da ta naɗe a gindin farfela ma haka take yi.