Hunturu, Lantarkin Jiki da Wayar Hannu

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗowa daga Sahara, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, mutanen Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram kan haɗu da wani abu ban da kaushi da tsagewar leɓe. Mutum ya kai hannu zai buɗe ƙofar mota, sai ya ji tas a ɗan yatsa. Da daddare, in an tuɓe rigar sanyi a ɗaki mai duhu, har ƙananan tartsatsi ake gani. Wannan lantarki ne da jiki ya tara da kansa ta hanyar gogayya: takalmin roba da kafet, riga da kujerar mota, bargo da fata.

Laimar iska ce ke janye shi a hankali, shi ya sa da damina ba a jin labarinsa. Da hunturu kuwa laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, lantarkin ya rasa hanyar fita sai ta ƙarfen da mutum ya fara taɓawa. Alƙaluman ƙungiyar ESD Association ta Amurka sun nuna cewa tafiya a kan kafet a busasshiyar iska na iya tara bolt 35,000 a jiki, alhali in akwai laima sosai bai wuce 1,500 ba.

Adadin na da ban tsoro, amma ba ya kisa, domin lantarkin da ke ratsa jiki ɗan kaɗan ne kuma kafin ƙiftawar ido ya wuce. Inda gizo ke saƙar shi ne, mutum ba ya jin komai sai lantarkin ya kai kusan bolt 3,000, yayin da wasu ƙananan sassan cikin waya da kwamfuta bolt 100 ma ya isa ya ƙona su. Wato hannu na iya kashe na'ura mai hannun bai sani ba.

Wayar da take a rufe tana da kariya, don kamfanoni na gwada ta da dubban bolt kafin ta shigo kasuwa. Matsalar na farawa ne ranar da aka kwance ta. A kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano akwai matasa masu basira da za su cire abin da bai kai ƙwayar gero ba daga fanel, wato allon cikin waya, su mayar da wani. Sai dai a rumfunan gyara da dama, a ko'ina, za a tarar da injiniya a kan kujerar roba, sanye da rigar ƙwallo, ya ɗora fanel tsirara a kan leda ko guntun kafet, ya tashi ya karɓo canji, ya dawo ya ɗauke shi da yatsu. Kujerar da rigar da ledar duka masu tara lantarki ne. Wani lokaci fanel ɗin ya mutu nan take. Wani lokacin rauni kawai yake samu: wayar ta kama, mai ita ya biya ya tafi, bayan mako biyu ta daina ɗaukar caji ko sabis ya riƙa ɗaukewa. Daga nan sai rigima, ana zargin an musanya kaya, alhali babu wanda ya saci komai.

Abin takaici, maganin ba shi da tsada. Akwai ɗan maɗauri da ake sawa a wuyan hannu, mai waya da ake haɗawa da ƙarfen da ke binne a ƙasa. A cikinsa akwai abin da ke rage gudun lantarki domin kare mai gyaran shi kansa. Akwai shimfiɗar teburi ta musamman, da jakunkunan nan masu ruwan azurfa da sabbin kaya ke zuwa a ciki, waɗanda bai kamata a yar ba. Wanda bai da ko ɗaya, ya sa rigar auduga, ya taɓa ƙarfen ƙofa kafin ya taɓa fanel, ya kuma riƙe shi ta gefe. Ya dace ƙungiyoyin masu gyara su sa wannan a darasin farko na duk yaron da aka kawo koyon aiki.

A gidajen mai kuma, allon da ke hana amsa waya ya sa mutane da yawa sun ɗauka ita ce babban hatsarin. Cibiyar Petroleum Equipment Institute ta Amurka ta tattara rahotannin gobara fiye da 100 da aka danganta da lantarkin gogayya a bakin famfo, ba ta kuma tabbatar da ko ɗaya da waya ta haddasa ba. Da yawa daga ciki sun faru ne bayan direba ya koma mota ana cikin zuba mai, ya goga jiki da kujera, ya fito ya kama bakin famfon. Bin dokar gidan mai wajibi ne, ko don kada waya ta ɗauke hankali. Amma mai sayen fetur ɗin janareta ya fi buƙatar sanin cewa a ƙasa ake ajiye jarka a cika ta, bakin famfon na taɓa bakinta, ba a but ɗin mota ko a kan kujerar Keke Napep ba.

Abin da ke kashe mutum a harkar waya ya fi zuwa ta soket ɗin bango. A Yulin 2013 wata matashiya ma'aikaciyar jirgin sama a China ta rasu bayan ta amsa kira wayarta na jone da wuta, aka kuma ruwaito cewa cajar ba ta asali ba ce. Wata guda bayan haka kamfanin Apple ya buɗe shirin karɓar irin waɗannan cajoji yana ba da nasa a farashi mai rahusa. A cikin caja mai kyau akwai tazara da shinge tsakanin wutar gida mai bolt 230 da ɓangaren da ke shiga waya. A jabu, nan ake rage kuɗi. Caja mai zafi fiye da kima, ko mai sa waya ta riƙa jan mutum, ta shara ce.

Batiri shi ma yana da iyaka. Samsung ya janye Galaxy Note 7 kusan miliyan 2.5 a Satumbar 2016 saboda batiransu na kamawa da wuta, ya daina ƙera ta a watan da ya biyo. Apple na ba da shawarar kada a yi amfani da wayarsa a zafin da ya wuce digiri 35, a ƙasar Hausa kuwa watan Afrilu kan haura 40. Caji a ƙarƙashin matashi ko a gaban mota cikin rana ƙari ne a kan wannan zafin. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi ba a danna shi, ba a huda shi, ba a kuma sake jona shi da wuta. A kashe wayar a kai wa mai gyara ya canza.