Na'urar POS: Bankin Talaka a Gabashin Sakkwato

A Wurno da Rabah da Goronyo, inda rassan banki suka yi ƙaranci, na'urar POS ta zama bankin talaka. Sababbin kamfanonin fasaha irin su Moniepoint da OPay sun taimaka wajen yaɗa ta, bisa ƙa'idojin wakilcin banki da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2013. Manomin shinkafa a fadamar Wurno, ko mai albasa kusa da madatsar ruwan Goronyo, kan karɓi cinikinsa, ya biya kuɗin wuta, ya aika wa iyalinsa, ba sai ya je Sakkwato ba. Ƙarancin takardun naira a 2023 ya ƙara wa na'urar farin jini. Raunin sabis da rashin tsaro ne ke kawo mata cikas.