Yadda Dokokin Juya Adireshi Ke Kare Cinikin Kamfanoni A Intanet

Kamfanoni da 'yan kasuwa kan yi asarar abokan ciniki a lokacin da suka sabunta shafinsu na intanet, domin tsofaffin adireshin da aka buga a jikin kwalaye, katunan kasuwanci da tallace-tallace kan daina aiki. Mai neman kaya da ya bi tsohon adireshi yakan ci karo da saƙo mai lamba 404, wato ba a sami shafin ba, daga nan kuwa sai ya nufi wani kantin.

Ana magance wannan matsala ta hanyar juya adireshi. Mai kula da shafi kan rubuta dokoki a cikin fayil ɗin tsare-tsare, kowace doka kuma tana da ɓangare biyu: siffar adireshin da za a duba, da inda za a tura shi. Babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin kan karanta dokokin bi da bi kafin ta amsa buƙatar mai ziyara. Alal misali, doka guda na iya kama duk adireshin da ke ɗauke da lambar kaya ta tura shi sabon gurbinsa, ko da kayan sun kai dubu.

Juyin iri biyu ne. A na farko, ana sauya adireshin daga ciki, mai ziyara kuma ba ya ganin wani canji. A na biyu, ana sanar da shi cewa shafin ya tashi: lamba 301 na nufin ƙaura ta dindindin, 302 kuwa ta wucin gadi. Injunan bincike irin su Google kan bi lamba 301 su maye gurbin tsohon adireshi da sabo a jerinsu.

Manhajar da ta yi fice a wannan aiki ita ce mod_rewrite, wadda Ralf Engelschall ya rubuta a shekarar 1996, ya kuma miƙa ta ga ƙungiyar Apache a 1997. Tana aiki a kan Linux da kuma Windows. Haka kuma akwai UrlRewriteFilter ta Paul Tuckey, wadda aka gina da harshen Java, ana ajiye dokokinta a fayil mai suna urlrewrite.xml, tana kuma aiki a kan Tomcat da Jetty. Har ila yau, manhajar IIS ta kamfanin Microsoft na da hanyar shigo da dokokin da aka rubuta don mod_rewrite.

Amfanin manhajar da ba ta keɓanta da tsari ɗaya ba a fili yake: kamfanin da ya bar mai ba shi masaukin shafi ya koma wani mai rahusa zai tafi da dokokinsa, ba sai ya sake biyan kuɗin rubuta su daga farko ba.

Wannan batu ya shafi 'yan kasuwar Nijeriya da ke komawa adireshi mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa. Ya kuma shafi masu komawa tsarin https mai ɓoye bayanai, tun bayan da manhajar Chrome ta fara yi wa shafukan http alamar rashin tsaro a watan Yulin 2018.

Sai dai aikin na buƙatar taka-tsantsan. Dokoki biyu da ke tura wa juna adireshi kan hana shafi buɗewa gaba ɗaya, kuma dokar da aka sa a sama na iya shafe aikin ta ƙasa. Bugu da ƙari, manhajojin shiga intanet kan riƙe umarnin 301, don haka gyaran kuskure ba ya isa ga kowa nan take. Saboda haka ya kamata a fara gwaji da 302, a tattara jerin tsofaffin adireshi a jarraba su ɗaya bayan ɗaya, sannan kamfani ya ci gaba da biyan kuɗin rajistar tsohon sunan shafinsa, domin da zarar ya faɗa hannun wani, babu dokar da za ta dawo da masu ziyararsa.