Lissafin da ke zana iyakar rami a mahaƙar ma'adinai

Arewa da garin Ingal, kusa da Tigidda-n-Tesum inda ake yin gishiri, akwai Azelik. Masana tarihi da dama suna ganin nan ne tsohuwar Takadda, garin tagullar da Ibn Battuta ya ziyarta a shekara ta 1353. A nan ne kuma kamfanin SOMINA, wanda aka kafa a 2007 da jarin ƙasar Sin da na Nijar, ya buɗe mahaƙar uraniyom da aka ƙiyasta za ta ba da tan 700 a shekara.

Tambayar da ke fara fuskantar injiniyoyi a buɗaɗɗiyar mahaƙa ita ce: ina rami zai tsaya? Ba a saukar da bangonsa a tsaye kamar na rijiya, domin zai rufta. Sai an karkata shi. Saboda haka duk zurfin da aka ƙara, dole baki ya ƙara faɗi.

Ga yadda ake warware matsalar. A bisa takarda ana yanka ƙasar gida-gida kamar tubala. Kowane tubali ana rubuta masa daraja: kuɗin ƙarfen da ke cikinsa, a debe kuɗin haƙa da na tacewa. Tubalin da babu kome cikinsa sai turɓaya hasara ne tsantsa. To, a tsarin da aka saba, kafin a taɓa tubali guda sai an kwashe 9 da ke bisansa, su kuma sai an kwashe 25 da ke bisansu. Ke nan wani tubali mai albarka yakan zama bai cancanci wahalar isa gare shi ba. Tubalan kuwa sukan kai dubbai, har miliyoyi. Babu mahalukin da zai gwada su ɗaya bayan ɗaya. A 1965 wasu masana biyu, Lerchs da Grossmann, suka fitar da ƙa'idar lissafi wadda na'ura mai ƙwaƙwalwa ke bi ta zaɓo ramin da ya fi kowane riba. Ƙiyasin ƙarfen da ke kwance tsakanin ramukan gwaji kuwa, dabarar Danie Krige ce ta Afirka ta Kudu, wadda Bafaranshe Georges Matheron ya ɗora bisa harsashin ilimi.

Sai dai mai karatu ya lura: farashi yana cikin lissafin. In ya faɗi, tubalan riba su koma na hasara, ramin ya tsuke tun kafin a tayar da mota ko guda. Bayan hatsarin tashar Fukushima ta Japan a watan Maris 2011, farashin laba ɗaya ta uraniyom ya sauko daga wajen dala 70 zuwa ƙasa da 30 a 2014. Kafin shekara ta 2015 ta yi nisa, aiki ya tsaya cik a Azelik.

Abu na biyu, a ganinmu, ya fi wannan nauyi. Na'ura ba ta ƙidaya sai abin da aka zuba mata. Ruwan ƙarƙashin ƙasa, da makiyayar da Buzaye da Fulani ke kawo dabbobinsu lasar gishiri a ƙarshen damina, ba su da gurbi a darajar tubali in ba a sa musu ba. Wanda zai tilasta a sa su, sai ɗan ƙasa da ya iya karanta lissafin da kansa, irin injiniyoyin da makarantar EMIG ta Yamai ke horarwa.