KAFIN KA ƘARA KAJI, DUBA NAWA WAƊANDA KE HANNUNKA KE BA KA

Da yawanmu a nan Sakkwato, da kuɗi sun shigo sai mu ce bari a ƙaro kaji. To amma yawan kaji daban, yawan riba daban.

Mu yi lissafi. Kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 120 a rana. Kaji 100 ke nan suna cinye kusan rabin buhu mai kilo 25 kullum. Wani yana kwasar ƙwai 60, kiret biyu. Maƙwabcinsa yana kwasar 90, kiret uku. Abinci ɗaya suka saya, amma a wata bambancinsu kiret 30 ne. Nan kuɗin makarantar yara da cefanen gida suke.

Ina kiret ɗin nan yake ɓacewa?

Na farko, zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Kaza ta rage ci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Ka ba su abinci da sassafe da kuma yamma lis, ruwa mai sanyi kada ya yanke, ka shimfiɗa zana ko kara a kan kwanon rufi.

Na biyu, cuta. Newcastle takan share keji cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu, alhali rigakafin Lasota kuɗinsa kaɗan ne.

Na uku, ɓarna. Abincin da ke zubewa ƙasa, ɓera ka saya wa.

Masu tarwaɗa ma haka ne: in ba ka ware manya da ƙanana ba, manyan su cinye maka jari.

Kuma amfanin bai tsaya a aljihunka ba. In masara ɗaya ta ba da ƙwai uku maimakon biyu, ƙwai zai yi sauƙi ga talaka, ba kuma sai an sare sabon daji don ƙara gona ba. Kashin kaji taki ne ga masu albasa a Wurno da Goronyo. Ruwan da ka sauya daga tanki ya shayar da alayyahu. Kifin da ka kiwata kuma yana ba 'ya'yan kifin Gulbin Rima damar girma.

Daga yau ka sayi littafi, ka riƙa rubuta abincin da ya fita da ƙwan da ya shigo. Kai naka kaji 100, kiret nawa suke ba ka?

Allah ya sa wa kiwonmu albarka.